Koren da Ya Kwanta

Laraba, 10 ga Afrilu 1974, bayan la'asar

Rijiyar gidanmu ta ƙafe. Yau laka guga ya kawo.

Malam, maigidana, ba ya samun sakat. Fari ya koro shanun Nijar, kullum garke kan garke a bakin shingen iyaka, kuma shi kaɗai ne malamin dabbobin da zai duba su. Duk a Ramin Kamfani suke sha, wato ƙaton ramin nan da masu yin titi suka bari bayan sun ɗebi ƙasa. Shi ya rage da ruwa a Jibiya, shi ɗin ma ya yi kore shar.

Jiya ya shigo da ruwan a kwalbar lemo. Na ce, "Wannan kuma tsarabar wa?"

Ya ce, "Taki ce. Ajiye littafin nan ki zo ki ga abin da ba a rubuta a ciki ba."

Ina tsakiyar mai jan bangon nan ne, daidai inda ɗiyar maƙeri take ɗaura wa masoyinta laya zai tafi fatauci. Na karanta wurin ya fi a ƙirga, ban taɓa wuce shi ba. Da ƙyar na ajiye.

Koren duk ya taru a wuyan kwalbar kamar maiƙo a kan miya. Ya ce ba gansakuka ba ce. Halittu ne ƙanana masu rai, ido ba ya ganin guda, sai da madubin nan na makarantarsu mai ƙara wa abu girma. A cikin kowace akwai wasu 'yan gidajen iska, dogaye kamar gaɓar kara, bakinsu biyu a rufe da tsini, a jere gefe da gefe kamar saƙar zuma. Na ce kamar balan-balan? Ya ce a'a, ita balan-balan hura ta ake yi. Waɗannan bangonsu tauri gare shi, kamar goran da masu fito ke rungumewa su haye gulbi. Iska na ratsa bangon ta shiga ta fita, ruwa kuwa ba ya shiga. Su ke ɗaga halittar sama ta sha rana. In ta wuni tana haɗa abincinta da hasken rana sai ta yi nauyi ta yi ƙasa. Kafin gari ya waye ta cinye abincin, nauyin ya tafi, gorunan su sake ɗago ta. Shi ya sa ramin ya fi kore da safe.

Sai ya ƙara ruwa kwalbar ta cika fal, ba inda iska za ta fake, ya danna toshiya, ya ɗauko guduma ya buga toshiyar sau ɗaya. Na runtse ido, na zaci ta tarwatse. Da na buɗe, koren ya sake launi, ya yi duhu, ya fara sauka a hankali, a hankali, kamar mayafin alharini da aka saki daga saman bene. Kafin magariba ruwan saman kwalbar ya yi garau.

Ya ce bugun ne ya matse gorunan suka lotse. Ya ci gaba da bayani, ina ganin bakinsa na motsi, amma ni ina can wajen mayafin. Sai da ya ja mini kunne. "Ke dai kullum inda labari ya yi daɗi, nan kike tsayawa."

Abin da ke tare da ni ya motsa a lokacin. Tun sanyi, kafin Babbar Salla, ban yi fashin salla ba. Malam ya sani, na san ya sani, ba mu dai taɓa furtawa ba. Na fari ne, akwai kunya. Motsin kamar ɗan kifi ya juya a ƙwarya. Makon nan kullum sai ya yi, musamman in na sha ruwan sanyi.

Asabar, 13 ga Afrilu, hantsi

Ya tafi Maraɗi taron malaman dabbobi, da motar ofis. Ya ce Talata zai dawo. Kafin su tashi ya sa an cika mini randuna biyu daga tankin motar. A soro ya juyo ya ce, "Safiyatu, ruwan ramin nan, ko wanke hannu." Na ce to.

Lahadi, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Ranar kasuwa, gari ya cika da ƙarar motoci. Barira maƙwabciyata ta shigo ta ɓarakar zana kamar yadda ta saba, da Rabi'a ɗiyarta a gefe. Ta zauna ta fara kuka da mijinta.

"Amarya, Manu ya zama kayan ɗaki. Mai ga-ruwa ba ruwa, mi ya rage? Na gulbi sai ka tona yashi ya shanye tsayinka, ka kwana layi. Na rami kuma wa za ya saya, shi ga kamar miyar kuka?"

Na ce, "Koren ne matsalar? Ai Malam guduma ɗaya yake yi masa ya kwanta."

"Kai Amarya! Wannan a wane littafin kika karanto?"

Raina ya ɗan sosu. Na ce ta ɗebo mini daga wanda Manu ya kawo don kwaɓa ƙasa. Na yi yadda na ga Malam ya yi. Na buga. Wallahi ya sauka, kamar dai na ranar nan. Barira ta dafe ƙirji ta yi salati, ta suri kwalbar ta kai wa Manu a soro. Ya ɗaga ta ya duba. Can ya ɗaga murya ta bayan labule.

"Matar Malam, ke nan ya mutu?"

Na ce, "Ya mutu mana. Ba ka ga ya kwanta ba?"

Ya tafi da kwalbar. Barira ta ce ashe karatun mata ma yana da rana. Na wuni ina jin kaina kamar matan cikin littafi, waɗanda gari ke shiga uku su fito da dabara daga ɗaki.

Litinin, 15 ga Afrilu, hantsi

Rediyo ta ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Barira ta ce an rufe iyaka, motoci sun yi layi tun daga shinge har bayan kasuwa.

Maraɗi ai da nisa da Yamai. Ina ruwan soja da malamin shanu?

Talata, 16 ga Afrilu, magariba

Na yi tuwon mutum biyu.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da safe

Tun asuba nake jin dum, dum, daga gidan su Barira. Manu ya samo duromomin da masu safarar fetur suka zubar, ya wanke da yashi da toka. Ya cika su daga rami har baki, ya sassaƙa toshiyar icce ya naɗe ta da roba, ya dinga sauke mata taɓarya. In koren ya kwanta sai ya zuƙo na sama da tiyo. Direbobin da suka maƙale suna ta rububi. Ina jin muryarsa a kan titi: "Ruwan Malam! Garau, ruwan Malam!"

Ban ji daɗin sa sunan ba. Na dai ɗan ji daɗi kuma, ban da ƙarya.

Randa ɗaya ta ƙare tun jiya. Ɗayar na raba da 'ya'yan maƙwabta, don na ɗauka Talata Malam zai dawo.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Manu ya aiko mini da garwa biyu na ruwan, ya ce ladan ilimi ne. Na juye a randa.

Na daɗe ina kallonsa a moɗa. Fari tas, har ana ganin ƙasan moɗar. Ɗan wari ne kawai, irin na ɗanyar ciyawa. Malam ruwan rami ya hana ni. Wannan ai ba shi ba ne, an buge shi. Ya mutu.

Na sha. Na ƙara. Ɗan kifin ya juya, kamar yana godiya.

Asabar, 20 ga Afrilu, la'asar

Ba labari. Wani ya ce an ga motar ofis a Maraɗi, wani ya ce ba ita ba ce. Na buɗe jan littafin, na sake karanta wurin layar, na rufe.

An buge shi. Ya mutu.

Lahadi, 21 ga Afrilu, hantsi

Awakin Barira sun mutu, duka. Guntun da ke kwanciya a gindin durom Manu yake juye musu, don kada a yi asara. Da safe aka same su a miƙe, kumfa a baki. Ɗaya da aka cim mata da rai aka yanka, Barira ta ce hantar ta kumbura ta yi baƙi kamar an dafa ta da baban rini. Ba wanda ya ci.

Manu ya ce zafi ne. Ya ce bana ko raƙumi faɗuwa yake.

Rabi'a tana amai tun jiya.

Awaki ai guntun suka sha. Ni na sama nake sha.

Litinin, 22 ga Afrilu, azahar

Cikina na murɗa. Na yi ta zagawa har ƙafata ta daina ɗaukata. Leɓena ya yi ƙuraje, wuyana na ƙaiƙayi inda na yi wanka.

Yau bai motsa ba. Wataƙila ya yi ina barci.

Talata, 23 ga Afrilu, da safe

Shiru.

Talata, la'asar

Na kwanta ta hagu. Na kwanta ta dama. Na danna da yatsa kaɗan. Na yi masa waƙar da Inna take yi mana, a hankali don kada Barira ta ji ta zana.

Shiru.

Laraba, 24 ga Afrilu, hantsi

An ce an buɗe iyaka. Motoci na wucewa, gida na girgiza. Duk wadda ta rage gudu sai in miƙe. Wani direba ya gaya wa Manu wai motar ofis tana fake a harabar jandarma, 'yan sandan Nijar, ba kowa a ciki. Ban tambayi komai ba. In na tambaya za a ba ni amsa.

Tun jiya nake neman abin da Malam ya faɗa ranar nan bayan bugun. Ina ganin bakinsa. Ina ganin yatsansa yana nuna ƙasan kwalbar, sannan ya nuna saman. Me ya kai yatsansa saman, inda ruwan ya yi garau? Akwai kalmar "amma", wannan na tabbata. Amma me? Duk sanda na matsa wa kaina sai mayafin alharinin nan ya sauko ya rufe.

Na daina sha. Na tafasa kaɗan, na kalle shi, na kasa. Na leƙa randa, akwai ɗan kore siriri kwance a gindi. Na kwashe shi da ludayi na zuba a kwalba da ruwansa, na ɗora a taga. In Malam ya dawo ya ga abin da na sha. Ya ga abin da na ba ɗan kifin.

Da Manu ya shigo soro ɗaukar garwa na tare shi ta bayan labule.

"Malam Manu, ina ganin a dakata da ruwan nan."

"A dakata? Matar Malam, yau na hwara ganin hatsi gidana."

"Awaki fa? Rabi'a fa?"

"Yara ba su zawo da bazara sai bana? Ke da bakinki kika ce ya mutu."

"Ni na ce. Amma ban ji ƙarshen bayanin ba."

"To ni na ga ƙarshe da idona. Abin da ya mutu ya kwanta, mi za ya yi ma mutum? Kura ma in ta mutu yara ke hawa kanta." Sannan ya sassauta. "In na bari, rabin garin ga mi za su sha? Ki hwaɗa mini, in bari yanzu."

Na saki labulen. Ya ɗauki garwarsa. Ba a jima ba na ji dum, dum. Kowane bugu a mara nake jin sa.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan azahar

Marta ta zo, tsohuwar nan ta ƙauyen Kusa mai kawo mini daddawa, mai ɗan gicciye a wuya. An ce rabin yaran ƙauyensu a hannunta suka faɗo. Tana ganina ta sauke ƙwarya.

"Ɗiyata, wa ya tsotse ki? Harshe waje." Na fitar. "Yaushe rabonki da ruwa?"

Na gaya mata. Na gaya mata har da guduma. Ta fita, ta daɗe, ta dawo da tulu a ka. Matan ƙauyensu sun tona rami a yashin gulbi, da tsani ake shiga. Ruwan ja ne, ɗanɗanon ƙasa. Ta ce, "Sha. Ba shi da kyan gani, amma ba ya munahunci."

Na sha har na ƙware. Sai ta ce in kwanta, ta ɗora tafinta a kaina, tafin kamar bawon icce.

"Cikin ga wata nawa?"

Na rufe fuska da zane. Ba wanda ya taɓa kiran sunansa a gidan nan.

"Kunya ta mi? Ni kika aura? Wata nawa?"

Na nuna da yatsu. Ta daɗe tana latsawa, kanta a karkace kamar mai sauraron maƙwabta.

"Irin wanga wata sukan yi lamo kwana da kwanaki, balle uwa ta zube haka. Kin ga jini?"

"A'a."

"To. Ban ce miki e ba, ban ce miki a'a ba. Ki sha ruwa, ki ci abinci, ki roƙi Allah da irin roƙonku, ni ma in yi irin namu."

Da za ta tafi ta ga jan littafin a kan tabarma. Ta ce mene ne a ciki. Na ba ta labarin ɗiyar maƙeri da layar.

"To, ya komo?"

"Ban kai wurin ba."

"Don mi?"

"Ina tsoron kada in tarar bai komo ba."

Ta yi dariya har da tafa cinya. "Ke da haihuwa ke gabanki! Ita ba a tsaya mata rabi, ɗiyata."

Ta ce za ta riƙa biyo mini da tulu kullum. Na roƙe ta ta leƙa Rabi'a ta ba ta ita ma.

Juma'a, 26 ga Afrilu, hantsi

An binne wani tsoho cikin makiyayan da suka sauka bayan kasuwa. Wasu sun ce kwalara. Wasu sun ce duromomin fetur ne. Wasu sun ce yunwa ya taho da ita. Barira ta daina shigowa. Idon Rabi'a ya yi ruwan ɗorawa, Marta ce ta gaya mini.

Ba a sa sunana ba. Sunan Malam ake sawa.

Juma'a, la'asar

Shiru. Shiru. Ya Allah, ko sau ɗaya.

Asabar, 27 ga Afrilu, da safe

Bari in rubuta a hankali.

Na idar da salla ina zaune, gari ya yi haske, idona ya faɗa kan taga. Koren ya tashi. Wanda na kwaso daga gindin randa, wanda taɓarya ta kwantar. Yana nan a wuyan kwalba, zobe guda, launinsa mai haske kamar ranar da Malam ya fara shigowa da shi. Na girgiza, ya watse, na ajiye, ina kallo ya dinga haurowa ɗigo-ɗigo kamar masu fitowa daga masallaci.

Bai mutu ba. Bai taɓa mutuwa ba. Kwanciya ya yi.

Ban nemi izinin kowa ba, ba wanda zan nema. Na yafa mayafi na fita ta ƙofar gida ido na ganin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni. Manu yana ƙofar gidansu ya ɗaga taɓarya, direbobi na tsaye da galan. Duk suka juyo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na miƙa masa kwalbar.

"Na gindin randata ne. Na ranar Laraba. Kai ka buge shi."

Ya ɗaga ta saitin rana. Wani direba ya ce, "Kai mai ruwa, sallame mu, mata kuma har da su a ciniki?"

Manu bai kula shi ba. Ya ce, "Kin ƙara wani ciki?"

"Wallahi ko ɗigo."

"Matacce ba ya tashi."

"Ba ya tashi."

Barira tana bakin soro da Rabi'a a kafaɗa, kan yarinyar ya langaɓe. Ta dubi kwalbar, ta dubi mijinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Manu, da hannuna na ɗura mata shi."

Ya ajiye taɓaryar. Ya ciro toshiya, ya sa kafaɗa ya ture durom ɗin. Ruwan ya kwarara kan titi, fari da farko, sannan koren ya biyo baya, kauri, da wari. Ƙasa ta shanye farin ta bar koren. Direbobi suka yi ta zagi. Ya ture na biyu. Sannan ya shiga gida ya fito da shebur da igiya, ya nufi gulbi bai kalli kowa ba.

Na dawo na zauna gaban taga. Da ransa na sha shi, da ransa na aika wa ɗan kifin. In na tuna haka sai numfashina ya tsaya. Amma kuma ina ta kallon zoben nan. An buge shi, ya kwanta a gindi kamar ba zai ƙara ba.

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu, la'asar

Rabi'a ta sha kunu ba ta amayar ba. Barira ta turo mini ƙosai ta ɓarakar zana, ba ta shigo ba, ba ta yi magana ba. Na ci.

Na buɗe jan littafin na wuce wurin layar da shafi biyu. Na kasa ci gaba, na rufe.

Shiru har yanzu.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Ya dawo.

A ƙafa, ba mota, ba jaka. Ya rame, gemu ya fito masa, rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa. Na ce me ya faru. Ya ce, "Maganar takardu ce, aka tsare mu." Ya ce, "Bari dai." Na ga yadda yake kama moɗa da hannu biyu, ban ƙara tambaya ba.

Tun a tasha ya ji ana maganar ruwan Malam. Ya tambaye ni wane Malam. Na ɗauko kwalbar na ajiye a gabansa, na faɗa masa tun daga Lahadin kasuwa. Ban tsallake komai ba. Da na kai wurin moɗa ya ce, "Kin sha?"

"Na sha."

"Kwana nawa?"

Na faɗa. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya taso ya kama haɓata ya juya ni wajen haske, ya ja fatar idona ƙasa, ya buɗe bakina ya duba dasashi, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarina na dama yana kallon fuskata. Na ce, "Malam, ni ba saniya ba ce." Bai yi dariya ba. Ya ce idona fari ne, alhamdu lillahi. Ya ce gobe da sassafe za mu Katsina asibiti, da mu da Rabi'a.

Sannan idonsa ya sauka ƙasa kaɗan, ya tsaya a kan cikina. Ya kasa tambaya. Ni ma na kasa. Na dai girgiza kai. Ya koma ya zauna a bakin gado kamar an zare masa laka.

Mun daɗe. Kaji na ta tono a tsakar gida. Na ji in ba a yi magana ba zan yi ihu. Na tura masa kwalbar.

"Ƙarasa mini."

"Me?"

"Bayanin ranar nan. Daga 'amma'. Har ƙarshe. Zan ji."

Ya dube ni, ya ɗauki kwalbar. Muryarsa a dishe. Ya ce amma bugun gorunan kawai yake fasawa, halittar tana nan da ranta. Goran da ya lotse ba ya gyaruwa, sai dai ta ƙera sabo, tun daga ɗan tsinin, ta yi ta ƙara masa tsawo har ya isa ɗaukarta. Shi ya sa ta sake tashi. Ya ce kuma dafin ba a gorunan yake ba. Yana cikin jikinta, yana tsiyaya cikin ruwan, ko ta kwanta ko ta tashi, ko ruwan ya yi fari kamar hawaye. Tafasawa ba ta kashe shi. Hanta yake nema. Ya ce abin da ya sa wani ramin yake da dafi wani ba shi da shi kuwa...

Ina ji. Wallahi ina ji, na kafa masa ido, na hana mayafi saukowa.

Sai kifin ya juya.

Na ɗauke numfashi. Na ce iska ce, ƙosan Barira ne. Sai ya ƙara, ƙasa da cibiya, ta hagu. Ba juyi ba wannan karon. Bugu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ya gaji da jira.

Bakin Malam na ta motsi. Na kama hannunsa, da kwalbar da komai, ruwan ya zube a zanena, na ɗora tafinsa a wurin. Ya yi shiru. Muka jira. Ya yi nisa da yawa a ciki, Malam bai ji komai ba, ya dai ga fuskata.

Ya ce, "Safiyatu?"

Na ce, "Ɗanka ne." Da bakina, da rana, ba zane a fuska.

Ya kifa goshinsa a gwiwata, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ya share ido da hannun riga, ya ce, "To me na ce a ƙarshe?"

Ban ji ba.